Baduku Mai Neman Takalmi a Littafi

Shekara talatin Gervase, baduku mai ɗinkin takalma a birnin Norwich na ƙasar Ingila, yana zaune lafiya da maƙwabcinsa Barnaby tela, sai ga fassarar littafi mai tsarki cikin Ingilishi ta iso. A ciki aka ce Adamu ya ɗinka wando da ganyen ɓaure. Shi ke nan Barnaby ya ishi kowa, yana ce wa Gervase: "Maƙwabci, sana'armu ce ta fari a duniya. Taku fa?"

Abin ya tsaya wa Gervase a rai. Da furfurarsa ya koyi karatu, yana bin layi da yatsa, yana neman takalmi. Bayan wata bakwai ya same shi, a inda aka ce wa Musa ya tuɓe nasa. Ya rufe littafin, bai gaya wa kowa ba.