Ranar da Na Aika Sambo Ɗiban Ruwa

Duk tsawon shekarun nan ban taɓa mantawa da ranar Talatar da sufeto ya zo makarantarmu ba. A tsakiyar shekarun tamanin ne, ina malamin aji huɗu a wata firamare da ke gefen hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa. Ku da kuka shigo aikin jiya-jiya ba ku san yadda muke tsoron sufeto ba. Daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma yake zuwa, ya duba rajista da littafin tsara darasi, ya zauna a bayan aji ya kalli koyarwarka, sannan ya rubuta rahoto. Da rahoton nan ake ƙara wa malami girma, ko a bar shi inda yake.

A ajina akwai wani yaro Sambo, daga rugar Fulani da ke bayan gari. Wata da watanni ban ji muryarsa ba sai wajen kiran suna. In na yi masa tambaya sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin riga, yara na dariya. Ni kaina na riga na cire rai da shi.

A ƙarshen damina rufin ajinmu ya yi yoyo, babu wurin zama, sai na kwashi yaran muka nufi fadama don darasin tsirrai. Na tsinko wata ciyawa na ce, "Wa ya san wannan?" Ni ma ban san ta ba, littafi ne kawai a hannuna. Sai na ji murya daga baya.

"Harkiya ce, Malam. In saniya ta ci, nononta yana ƙaruwa."

Na waiga, ashe Sambo ne. Na nuna wata, ya ce gamba. Na nuna wata, ya ce tofa. Can ya ruga ya doke hannun wata yarinya, ya ce, "Kada ki taɓa, tururubi ne, yana kashe shanu." Ranar shi ya koyar, ni na zama ɗalibi.

Daga nan muka mayar da fita duk mako. Sambo ke shiga gaba, har masu yi masa dariya suka koma suna cewa, "Sambo, wannan fa?" Ya fara ɗaga hannu a cikin aji, ko da amsar ba daidai ba ce. Ya samo kwali, ya busar da ciyayi, ya ɗinke su a kai da zare da allura, ni kuma na rubuta sunayen. Shi ya zo da bakinsa ya gaya mini cewa in shanu suka tashi kudu bayan kaka, ya roƙi babansa a bar shi wajen kakarsa ya ci gaba da makaranta, kuma baban ya yarda.

Sai takardar zuwan sufeto ta iso. A lokacin akwai wata ɗabi'a da kowa ya sani amma ba mai faɗa: ranar sufeto ana ɓoye yaran da ke ƙasa a jarrabawa. Hedimasta ya kira ni ofis.

"Malam Ilu, na ƙarshen ajinka su biyar, a ba su bokiti su tafi rafi. Kada su dawo sai babur ɗin sufeto ya tashi. Kwalin nan kuma a ba Aminu monita ya yi bayani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai aikin Sambo ne."

"Zai iya faɗa da Turanci?"

Na ce to. Shekara huɗu ina mataki ɗaya, kuma abin da na tuna ke nan.

Da safe Sambo ya zo da wankakkiyar riga, don na gaya masa tun farko shi zai nuna wa baƙo kwalinsa. Na miƙa masa bokiti ban kalle shi ba. Ya ce, "Malam, kwalin fa?" Na ce, "Je ka tukuna."

Aminu ya tsaya gaban allo ya zazzago abin da ya haddace. Da ya zo kan tururubi sai ya haɗa shi da sauran, ya ce duk abincin shanu ne. Sufeto yana gyaɗa kai. A daidai lokacin na hango Sambo a taga, bokiti a kansa, ruwa na zuba a rigar. Ya yi sauri ne don ya samu ya dawo. Ya buɗe baki ya ce, "Malam, ba haka..."

Na harare shi, na yi masa alama da hannu ya ɓace. Ya dube ni, ya juya.

Rahoto ya yi kyau, har aka yaba fita da yara waje. Sambo ya ci gaba da zuwa, amma ya koma kujerar baya. Da muka fita fadama na tambaye shi sunan wata ciyawa, ya ce bai sani ba. Girman kai ya hana ni ba yaro haƙuri, ina cewa zai huce. Bayan kaka kujerarsa ta zama ba kowa.

Na hau keke na je rugar, na tarar suna ɗaure kaya. Na gaida babansa, Malam Buba, na tuna masa maganar barin yaron. Bai yi fushi ba, ya ce, "Ban hana shi ba, Malam. Shi ya ce zai bi shanu. Ya ce ɗiban ruwa kuke sa shi, mu ma kuwa muna da ɗiban ruwa a gida." Sambo na tsaye bayan wani maraƙi, bai ɗago ba. Ban sake ganinsa ba.

An ƙara mini girma a shekarar, kuma ban taɓa jin daɗinsa ba. Abin da na koya shi ne, a aikin nan namu yaro yakan daɗe kafin ya yarda da kansa, kuma malamin da ya sa ya yarda shi ne ya fi kowa iya rushe shi. Na yi shekara ashirin bayan haka ina fita da yara daji, ban sake ɓoye ko ɗaya ba. Amma babu ko ɗaya cikinsu da ya biya mini Sambo.