Daminar Da Na Hana Kawuna Noma

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Shekara uku da suka wuce, in ka sauka a Dutse ka tambayi inda ake ɗinka kaftani mai aikin hannu a Yalwawa, ko ɗan adaidaita zai kawo ka ƙofar shagona. Shekarata talatin da ɗaya a lokacin, ina da teloli huɗu, da wani ɗan tambari mai ɗauke da sunan kamfanina da ake ɗinkawa a bayan wuyan kowace riga. Kamfani nake cewa, alhali shago biyu ne aka fasa bangon tsakaninsu. Na yi karatun kasuwanci a jami'a, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da haka ba. In na buɗe baki sai tsari, sai faɗaɗa kasuwa, har abokaina suka laƙaba mini Shugaban Kamfani, ni kuwa ina amsawa ba tare da na gane tsiya suke yi mini ba.

Gaskiyar da ba na faɗa a lokacin ita ce, telolina yanka da haɗawa kawai suke yi. Abin da ke sa mutane su biya kuɗi mai kauri aikin wuya da na aljihu ne, shi kuma daga wani ƙauye yake fitowa a bayan Kiyawa, daga zauren kawuna, yayan mahaifiyata. Kawu manomi ne, haka mutum goma sha ɗaya da ke zama tare da shi. In an gama kaka an cika rumbu sai su ɗauki allura da zare, su yi ta aiki har ruwan farko ya sauka. Ranar da aka yi ruwan shuka kuwa, ko rabin wuya ya rage, za a naɗe rigar a ajiye. Suna da wata ɗabi'a da suka gada: ba sa maimaita zane. Ko riga biyu ka kai musu ka ce iri ɗaya, sai kowace ta fito da abin da ya bambanta ta. Kawu yakan ce abin kunya ne magidanci ya je Idi ya ga rigarsa a jikin wani. Da wannan nake talla a waya, cewa rigarmu ba ta da ta biyu, kuma mutanen Dutse suna so.

Sai Dutse ta yi mini kaɗan. Na zauna da kwamfuta na tsara yadda kayana za su ƙetare iyaka. Na zaɓi Gana saboda akwai Hausawa a zangunan can, babu matsalar harshe, kuma na ji ana cewa suna girmama ɗinkin Najeriya. Na tsara farashi, na nemo direban da ke kai kaya ta Legas, na sa aka buga mini akwatunan kwali masu ƙyalli, na ɗauko mai hoto daga Kano. Ta hanyar wani abokina na bautar ƙasa na samu wata Hajiya mai shagon sutura a Kumasi. Na aika mata samfuri ɗaya, farar shadda da aikin zare mai ruwan toka, wanda Kawu ya yi da hannunsa. Bayan sati biyu ta kira ta ce tana son guda ɗari, su iso ta kafin Mauludi. Ta ce ya kamata in zo in ga shagon da irin mutanen da ke saye a wurinta. Na ce mata aiki ya yi mini yawa. Kuɗin tafiyar na riga na zuba su a kwali da hoto, kuma a raina ina ganin babu abin da zan gani a Kumasi wanda ban gani a waya ba.

A wannan hirar ta faɗa mini, ta kuma rubuto mini, cewa tana son duka ɗarin su zama kamar samfurin sak, ba ragi ba ƙari. Na ce mata to. Ban tambaye ta dalili ba, ban tambayi su wa za su sa ba. Na yi murmushi ne kawai na ce a zuciyata matar nan ba ta san aiki ba, in ta buɗe kwali ta ga kowace riga da kalar adonta, sai ta ƙara mini wasu ɗari. Akwai kuma wani abu da nake gudu. Na san in na je na ce wa Kawu da mutanensa su zauna su kwafi zane ɗaya sau ɗari, ransu zai ɓaci, za su ce na mai da su inji. Ina bukatar yardarsu a kan wata magana da ta fi wannan nauyi, don haka na haɗiye ta Hajiya, ban kai ta ƙauye ba.

Maganar mai nauyi ita ce lokaci. Mauludin shekarar a ƙarshen damina ya faɗo, ke nan aikin zai cinye watannin noma gaba ɗaya. Mahaifiyata, wadda ke zaune tare da ni, ita ta fara ganin haɗarin. Ta ce tun tana yarinya ba ta taɓa ganin an riƙe allura a gidansu da damina ba, in ce wa matar ta jira rani. Na ce mata kasuwar waje ba ta san damina ba, in ka yi jinkiri wani ya shige gabanka. Ta dube ni ta ce ai cikin mutum ma bai san kasuwar waje ba. Na yi dariya na ɗauki makullin mota.

Na samu Kawu yana gyaran ƙotar fartanya, hadari na haɗuwa a gabas. Na durƙusa na gaishe shi, na shimfiɗa masa maganar kamar yadda na iya. Na ce su yi shuka kawai, noman farko da maimai ni zan ɗauko 'yan ƙwadago su yi musu. Na ce abin da za su samu a rigunan nan ya fi abin da gona za ta ba su a shekara biyu, kuma in ƙofar Gana ta buɗe, 'ya'yansu ba za su ƙara zuwa cirani ba. Kawu ya ɗago ya dube ni. Ya ce shi bai san Gana ba, amma ya san gero ba ya jiran kowa, ciyawa in ta riga ka kwana goma ta gama da kai. Na rantse masa cewa ko shuka ɗaya ba za ta lalace ba. Ya tambaye ni ko mahaifiyata ta yarda, na ce ta yarda. Wannan ƙaryar ce ta sa ya ajiye fartanyar. Sauran mutanen kuwa ba don ni suka amince ba, don shi ne, domin sun ce in Malam, wato Kawu, ya zauna su ma sun zauna.

Noman farko na cika alkawari, ko da yake ba a kan lokaci ba. Da aka zo maimai sai shadda ta yi tsada, direba ya ƙara kuɗin mota, abin da na ware wa 'yan ƙwadago ya tafi can. Kuma duk wanda ya san ƙauye ya san a tsakiyar damina kowa gonarsa yake kai, ba ka samun ma'aikaci sai ka bi shi da lallashi. Na riƙa cewa sati mai zuwa. Kawu ya aiko mini sau biyu cewa ciyawa ta fara rufe gero, ko su ɗan ajiye aikin kwana biyar su leƙa gona. Na hau mota na je na roƙe shi, har da ƙwalla, na ce kwana biyar ɗin nan su ne za su sa kaya su makara. Suka zauna. Har yau ina ganinsu a zauren nan, maza goma sha biyu sun sunkuya a kan farar shadda, ruwa na zuba a waje, wani ya ɗaga kai ya dubi hanyar gona ya mayar. Kuma sun yi aiki, Edita. Da suka ji ƙasar waje za a kai, kowa ya fito da gwanintarsa, babu riga biyu da suka yi kama.

Kaya suka isa Kumasi saura kwana tara Mauludi. Ina shago da hantsi Hajiya ta kira, ina ɗauka na ji muryarta na san babu lafiya. Ta ce wata ƙungiya ce ta ga hoton samfurin ta ce shi take so 'ya'yan ƙungiyar su sa su fita tare ranar Mauludi, anko ne, shi ya sa ta nanata mini. Ta ce shugabanninsu sun zo sun buɗe kwali bakwai, babu wadda ta yi daidai da hoton, sun juya sun tafi wajen mai aikin inji. Na fara yi mata bayanin darajar aikin hannu, ta katse ni ta ce ba ta ce aikin bai yi kyau ba, amma ba shi ta ce in kawo ba, kuma na zubar mata da mutunci a gaban mutanen da ta shekara tana hulɗa da su. Ta ce masu sayen ɗaiɗai a wurinta ba sa iya wannan farashin. Ta ɗauki 'yan kaɗan don tausayi, sauran ta ce in san yadda zan yi da su. Sun yi wata huɗu a wani sito kafin in iya dawo da su, kuma ƙasar can akwai laima. Da na buɗe kwalayen nan masu ƙyalli, fumfuna ta yi wa farar shaddar ɗigo-ɗigo, wanki da bugu duk ba su fitar ba.

Sai da aka fara girbi na iya zuwa ƙauyen. Na bi ta gonar Kawu kafin in shiga gari. Geron ya tsaya siriri a cikin ciyawa, zangarniyar ba ta fi yatsa ba, gonar maƙwabcinsa kuwa an jera dammuna. Na same su a zaure na faɗa musu abin da ya faru, har da maganar Hajiya da na ɓoye. Wani daga cikinsu ya miƙe zai yi magana, Kawu ya ɗaga masa hannu ya zauna. Ya tambaye ni abu ɗaya, ko tun farko matar ta ce iri ɗaya take so. Na ce ta ce. Ya ce da na faɗa musu ai da sun yi, don wanda ya yarda ya bar gonarsa ba zai ƙi maimaita zane ba. Daga nan ya sa aka kawo mini ruwa.

Na sayar da kekunan ɗinki da motar, na sayi hatsi na kai. Gida goma sha biyu ne, wasu da mata biyu da yara rututu, abin da na kai bai kai su tsakiyar rani ba. Matasan cikinsu suka bazu cirani, biyu har yau ba su dawo da zama ba. Kawu ya ɗauki abin a kansa, ya ce da bakinsa ya zaunar da mutane, shi zai ciyar da su. Ya sayar da shanun huɗarsa. Da bazara ta yi tsanani, yara suka fara kwana da kunu tsararo, sai ya sayar da babbar gonarsa, wadda shi da mahaifiyata suka gada, bayan ya aiko ya nemi izininta. Ranar ne ta ji cewa na ce masa ta yarda. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka a gabana ba. Tana amsa gaisuwata, tana cin abin da na kawo, amma tun daga ranar ba ta ƙara ba ni shawara a kan komai ba, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Yanzu ina ɗinki a shagon wani, ana biyana a kan kowace riga. Na rubuto ne saboda ina ganin matasa irina a waya, kowa da tambarinsa, kowa na cewa zai kai kaya Nijar, Gana ko Saudiyya. Ban ce kada ku kai ba. Amma ku taka da ƙafarku ku ga kasuwar, ku tambayi wa zai sa rigar da kuma ranar da zai sa ta, kuma abin da mai saye ya ce ku isar da shi yadda ya faɗa, ko da kuna ganin kun fi shi sani. Abin da ake so a garinku ba lalle ne a so shi a garin wasu ba. Sama da duka, in za ku gwada sa'a ku gwada da abinku, kada ku sa abincin gidan wani a ciki. Ni na faɗi na tashi na samu keken wani na hau, waɗanda suka yarda da ni su ne ba su tashi ba. Ina roƙon masu karatu su taya ni addu'a Allah ya yafe mini, ya ba ni ikon gyara ko da kaɗan ne. A daminar bana na je ƙauyen da buhun taki, don kunya ba ta bar ni in je hannu sake ba. Aka ce mini Kawu yana gona. Na same shi a tsohuwar gonarsa, dattijo mai shekara sittin da wani abu, a sunkuye cikin layin 'yan ƙwadago, yana yi wa wanda ya saye ta noma. Ya ɗago ya amsa sallamata, ya dubi buhun, ya ce in kai wa mai gona.