Rasuwar Malam Sai-Gobe da Abin da Na Gani a Garejinsa

Daga Allah muke, kuma wurinSa kowa zai koma. Ranar Laraba, tara ga watan Agusta, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran abokina kuma maƙwabcina a wurin sana'a, bakaniken da direbobi suka fi sani da Malam Sai-Gobe. Mota ce ta matse shi da bango a garejinsa, kuma mijin 'yarsa ne a kan sitiyari. Tun ranar 'ya'yansa maza suka ɗauke ƙanwarsu daga ɗakin mijinta, suka hana shi shiga wurin zaman makoki. Ni mai walda ne, rumfata tana jingine da tasa, kuma a kan idona abin ya faru. Ba zan iya yin ta'aziyya in haɗiye abin da na gani ba.

Malam, haushi ne ya sa direbobi suka laƙaba maka wannan suna. Mutum ya kawo mota jikinsa na rawa, lodi na jiransa, kai kuwa ka zagaya ta, ka kasa kunne, ka goge hannu da tsumma, ka ce, "Sai gobe." Sun zage ka a bayan ido, sun yi rantsuwar ba za su dawo ba, kuma duk sun dawo, don ba ka taɓa kwance abin da lafiyarsa ƙalau ba. Ni kaina mun sha hawa sama mu faɗo a kan wannan sanyin jiki naka. Amma shekarar da hasken walda ya ƙone min ido, kai ka rufe garejinka ka riƙe hannuna zuwa asibiti, kai ka riƙa ɗiga min magani kana min faɗa kamar ƙaninka. Ban taɓa gode maka yadda ya kamata ba, kai ma ba ka ba ni fuskar yi ba.

A-kori-kurar surukinka, wadda yake dakon bulo da ita, ta daɗe tana ba shi wahala. Ko ƙafarsa ba ta kan totur injin sai ya yi ta ruri, in ya sa giya ta yi wani gau, ta zabura. Giyarta otomatik ce, kuma kowa ya gaya masa giyabos ne ya tafi. Wani ma har ya murɗa mata silo, wato abin saita gudun injin a tsaye, ya rage kukan, washegari ta koma gidan jiya. Kunya ta hana shi kawo maka, sai da matarsa ta kai ƙararsa wurinka.

Da ka ji kukanta ka ce giya ba ta da laifi. "Injin nan yana shan iskar da ba a ba shi ba," ka ce, "shi ya sa yake hauka. Giyar kuma dole ta buga, tunda a guje yake tarar da ita." Ka ɗauko guntun tiyon da kake sawa a kunne, kana bin jikin injin da ɗaya bakin, kana neman inda iska ke tsiyaya. Ka daɗe a duƙe. Can ka ɗago ka yafito ni, ka nuna min wani tiyo da ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ka toshe tsagar da babban yatsa, nan take injin ya kwanta. Ka ce wa surukinka ya taka birki ya sa giya. Ta shiga lumui, ko motsi motar ba ta yi ba.

Da wani ne da an gama. Amma kai ba ka yarda da gwaji ɗaya, sai ka mayar da ciwon ka ga ya dawo kafin ka ce ka gano shi. Ka ce ya cire giya, ka ɗage yatsanka, injin ya sake ɗaukar ruri, ka ce, "Taka birki, sake sawa." An yi ruwa da safe, dutsen da ka tare taya da shi yana zaune a kan laka da baƙin mai. Motar ta zabura, dutsen ya sulale, kai kuma kana tsakaninta da bango.

Ni na fara isa ƙofar direba. Wallahi ƙafafunsa biyu na kan birki, ya miƙe tsaye a kansa yana salati. Da muka ja motar baya muka kwantar da kai, kaina a kusa da bakinka, ka ce, "Tiyon nan da ya tsage shi ke ba birki ƙarfi. Ban bi shi har ƙarshe ba. Ku gaya musu." Ba ka ƙara wata magana ba sai kalmar shahada, kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa.

To, na gaya musu, Malam. Na gaya wa babban ɗanka a maƙabarta, ya kawar da kai. Ban ga laifinsa ba, uba ya rasa. Amma raina yana ɓaci in na ji waɗanda ba su wurin suna cewa totur ya taka. Motar tana nan yadda aka bar ta, bonet a buɗe, duk mai shakka ya zo da bakaniken da ya yarda da shi.

Ku kuma 'ya'yan Malam, 'ya'yana, mijin ƙanwarku kullum yana zuwa ya tsuguna a bakin layinku, ya yi addu'arsa daga nesa ya tafi. Ya rame, ko mukullin mota ba ya iya kallo. Ƙanwarku tana kukan uba, kada ku haɗa mata da na miji. Saƙon mahaifinku ke nan, da shi ya ƙarar da sauran numfashinsa, ni kuma na sauke.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da jikokinka, da abokan sana'a. Ina kuma miƙa ta ga surukinka, wanda har yau ba wanda ya ce masa, "Ya haƙuri?" Allah Ya ba mu haƙurin rashinka baki ɗaya.