Babin da Na Tsallake

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ina koyar da bayoloji a wata sakandaren 'yan mata a ƙasar Baure. A littafinmu akwai babin da ke bayanin yadda halittu ke sauyawa a hankali: mai juriya ya tsira ya hayayyafa, mai rauni ya ƙare. Ba wanda ya hana ni koyar da shi, ko shugabar makaranta ko limamin gari. Ni da kaina na tsallake shi, don tsoron kada a ce malam ya ce kakanmu biri ne, alhali littafin bai ma faɗi haka ba.

Bayan girbi wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Malam, maganin da Baba ke zuba wa wake, a da yana kashe ƙwari kakaf. Bana sai yawo suke a kansa. Me ya sa?"

Na san amsar sarai. 'Yan tsirarun da magani bai kashe ba su suka haifi na bana. Amma faɗin haka buɗe babin nan ne. Sai na ce, "Jabu aka sayar masa."

Ita ta ba ni labari daga baya. Uban ya je kasuwar Mai'adua ya ci mutuncin mai maganin a bainar jama'a, ya sayo irin wannan maganin a wani wurin, waken kuma ya lalace duk da haka.

Na yi ritaya, amma haushin kaina bai sake ni ba. Na guje wa babin da ba wanda ya haramta mini, na je na shara ƙaryar da ko yaro ya san haramun ce.