Goron da Yaya Ya Ci Kafin Hoton Zuciya

Shekarun baya, lokacin da nake ajin manya ina koyon Faransanci da furfura a kaina, ni aka zaɓa in raka yayana Yawunde. Ba wai na fi kowa hankali ba ne. A gidanmu ni kaɗai ke iya tsayawa gaban likita in buɗe baki, ko da Faransancin nawa ɗingishi yake yi.

Yaya fataucin shanu yake yi tsakanin Garwa da Maiganga. Ƙirji ya fara matsa masa, 'yar tafiya kaɗan sai ya tsaya yana haki. Likitanmu na Garwa ya duba bugun zuciyarsa, ya ce wutar da ke sa zuciya bugawa tana makara ta ɓangaren hagu. Ya tura mu wani asibiti a Yawunde inda ake sa sinadari a jini, na'ura ta nuna inda jini ke isa a naman zuciya da inda ba ya isa. Sauran mutane gudu ake sa su kafin hoton. Mai matsala irin ta Yaya kuwa, in ya yi gudu hoton kan nuna ciwo inda babu. Don haka allura za a yi masa mai buɗe jijiyoyi, ta tsaya a madadin gudun.

Da muka je, nas ta ja mana kunne: tun daga jajibiri ba kofi, ba shayi, ba cakulan, domin suna kashe ƙarfin allurar. Na fassara masa. Na kuma tsare shi kamar jandarma, har butar shayin gidan da muka sauka na ɓoye.

Aka yi hoton. Likita ya ce bai ga wani abin tsoro ba. Muna fitowa Yaya ya yi dariya, dariyar da na daɗe ban gani ba. A nan na ga haƙoransa jawur.

"Yaya, mene ne a bakinka?"

"Goro mana."

"Tun yaushe?"

"Tun da na idar da asuba. Kin hana ni shayi, kin hana ni karin kumallo, da me kike so in tsaya kan ƙafata? Ai goro ba abin sha ba ne."

 Na koma ciki na harhaɗa Faransancina na tambayi likita, goro fa? Ya ajiye biro. Ya ce abin da ke cikin kofi shi ne a cikin goro. Allurar wataƙila ba ta yi aiki ba, hoton zai iya nuna lafiya alhali jijiya a toshe take. Dole a sake. Sinadarin kuma daga waje ake kawo shi, sai sabo ya iso za su kira mu.

Na fito na gaya wa Yaya. Ya haɗe rai.

"Na'ura ta ce lafiyata lau, ke da karatun tsufanki kin ce a'a?"

"Ba ni na ce ba, Yaya, likita ne."

"Likita ya sallame ni. Ke kika koma kika tsokano shi. Baba goro ya ci har haƙoransa suka zube, me ya same shi?"

"To in ka faɗi, shanun ne za su yi maka salla?"

Bakina ke nan, tun ina yarinya. Bai sake yi mini magana ba har jirgin ƙasa ya sauke mu a Ngaundare.

A Garwa hoton nan ya zama abin nunawa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai Yaya ya fito da shi, wasu zobba ja da ruwan lemo, ya ce ga zuciyarsa garau. Har maganin likitanmu ya ajiye. Na kai ƙararsa wurin matarsa, ta ce ita ba ta iya masa. Na kai wurin malamin unguwa, malam ya yi masa nasiha, Yaya ya ce to, suka raba goro suka rabu.

Ranar da asibitin suka kira wayata cewa sinadari ya iso, a tasha na same shi zai tafi Maiganga. Na riƙe hannun rigarsa a gaban jama'a. Ya cire hannuna a hankali, ya ce, "In na dawo, 'yar'uwa. Wallahi in na dawo."

A tsakiyar kasuwar shanu ya faɗi. Ba a kai shi asibiti da rai ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ba zan rantse cewa hoto na biyu zai cece shi ba. Amma haushi bai sake ni ba. Ina jin haushin waɗanda suka kalli ɗan arewa da jajayen haƙora suka lissafa masa cakulan suka manta da goro. Ina jin haushin Yaya da ya zaɓi amsar da ta yi masa daɗi. Ku kuma, in za a yi wa naku irin wannan hoton, ku faɗa wa likita yana cin goro, ko bai tambaya ba.

Abin da ke dawo mini har yau shi ne ranar addu'a. Ni aka miƙa wa farantin goron sadaka. Na bi layi ina rabawa, har na kai kan wani tsohon abokin fataucinsa. Ya karɓa, ya ɓare, ya jefa a baki, ya ce, "Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai son goro."

Na ce amin, na miƙa wa na gaba.