Lallen da Na Yi wa Saudat

Lalle ne sana'ata. Shekara ashirin da 'yan kai ina yin sa a Kibiya, kuma amaren garin nan kaɗan ne ba su zauna a tabarmata ba. Sunana Huseina, amma har jikokin maƙwabta Gwaggo suke ce min. Labarin nan ba nawa ba ne, na Saudat ne, 'yar yayana Haliru, sai dai hannuna yana ciki dumu-dumu.

A Fassi aka haife ta, a gidanmu na gado, gidan manoma mai sassa biyar. Tun tana ƙarama Saudat ba ta da hayaniya, amma akwai nacin tsiya. In aka aike ta sayo magi sai ta tsaya karanta takardar da aka ƙunshe shi a ciki, miya tana kan wuta tana jira. Uwarta Kulu ta yi faɗa har ta gaji. Da ta gama aji uku sai ta kafe ita babbar sakandare za ta, ga shi a gidan nan ba a taɓa yin 'ya macen da ta wuce aji uku ba.

Sauran yayyenmu suka yi caa a kan Yaya Haliru. Suka ce maza biyu a gidan sun gama sakandare, ɗaya yana acaɓa, ɗaya yana sayar da fetur a kwalba, to mace me za ta tsinto? Yaya mutum ne mai sanyi, amma ba ya son a raina shi a gaban 'yan'uwa. A zaure, ranar sunan wani jikan gidan, ya ce a bar masa Saudat ta gwada. In ta ci jarrabawa ta shiga makarantar gaba, ƙanwarta Afra'u da sauran 'yan matan gidan su bi sahu. In ba ta shiga ba, shi da bakinsa zai ce aji uku ya ishi kowa, kuma ba za a sake tayar da maganar ba. Sau ɗaya za a gwada.

Ni na san abin da maganar zaure take nufi a gidanmu. Ba a janye ta.

Haka Saudat ta dawo hannuna a Kibiya, saboda makarantar ta fi kusa da gidana. Shekara biyun farko lafiya lau muka yi. Tana taya ni tankaɗe lalle, tana yi wa amare tsiya, in sun tafi ta kwaikwayi tafiyarsu mu yi ta dariya. Burinta aikin jinya. Takan ce, "Gwaggo, ranar da hawan jininki ya tashi ni zan caka miki allura, kuma ba zan tausaya miki ba."

Aji shida ne ya canza min yarinya. Jarrabawa uku ke gabanta a cikin wata huɗu: JAMB, sannan WAEC, sannan NECO. Ni dai ban yi boko ba, amma sunayen nan sai da na haddace su kamar sunayen 'ya'yana. Daga sallar asuba take buɗe littafi. Ta dawo makaranta da azahar, ta koma darasin yamma, ta dawo ta sake buɗewa. Rannan ta zuba gishiri a kunu ta miƙo min, bakinta yana ta motsi da wani karatun Kemistiri. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Duk Juma'a in ta je Fassi sai Afra'u, wadda take aji uku a lokacin, ta tare ta a ƙofar gida da tambaya ɗaya: "Yaya, za ki ci ko?" Sai ta dawo min ranar Asabar ba ta iya cin abinci.

Ita JAMB a kwamfuta ake yin ta, Saudat kuwa sau biyu ta taɓa taɓa kwamfuta a rayuwarta, na biyun ma ranar rajista ne da aka ɗauki zanen yatsunta goma. Sai ta samo kwalin taliya, ta zana maɓallan a jiki da gawayi, tana zama tana dannawa. Da farko dariya na yi. Daga baya da na ga kwalin ya huje a wurin da take yawan dannawa, sai na daina dariya.

Saura kwana huɗu ta je Kano jarrabawar JAMB, ana tsakiyar zafin bazara, ta dawo daga makaranta ta zube a tsakar gida. Na taɓa tafin hannunta na ji shi rau kamar an ɗora a murhu. Kwana uku ba ta runtsa ba, ta ciccije gefen faratanta har sun yi ja.

To mu a gidanmu akwai al'ada. Mace ba ta fita babbar rana da farin hannu. Ranar saukar Alƙur'ani, ranar biki, ranar arba'in, ranar tafiya Makka, sai an sa mata lalle, kuma babbar macen da ke kusa ce take sa mata. Haka innarmu ta yi mana, haka kakarmu ta yi mata. Ban da haka, kowa ya san lalle yana sanyaya jiki. Na dubi yarinyar nan na ce a raina, wace rana ce ta fi wannan girma a wurinta? Uwarta tana Fassi, ni ce uwar a nan.

"Kawo hannunki," na ce.

"Gwaggo, karatu zan yi."

"Karatun ya jira. Kin taɓa ganin 'yar gidanmu ta je Kano da hannu kamar na ɗan dako?"

Ta yi ɗan murmushi ta miƙo. Na kwaɓa lallen da nake ɓoye wa manyan amare, na dunƙula mata a kan yatsu goma, ciki da baya, na ɗaure da leda. Kafin na gama hannun hagu kanta ya faɗo kan cinyata. Barci ta yi, barci na gaske, tun azahar har rana ta yi sanyi. Ban motsa ba, ƙafata ta yi tsami na bar ta haka. Da ta farka na kankare, sannan na bi da gishirin lalle da toka don ya yi baƙi ya kama sosai, yadda nake wa wanda nake so. Ya kama kuwa. Ban taɓa yin lallen da ya kama kamar wannan ba, kuma ranar na kwanta ina jin na yi abin kirki.

Washegari kafin ƙarfe goma sai ga ta ta faɗo gida a guje, hijabi a karkace. Malam Tajuddeen, malaminsu na Bayoloji, yana biye da ita a babur.

"Gwaggo, kin kashe ni!"

Malam ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi min bayani a hankali. Kafin a bar ɗalibi ya shiga ɗakin jarrabawa sai ya dangwala yatsa a na'ura, ta gane shi ne ya yi rajista. Lalle mai kauri yana iya rufe zanen yatsan, na'ura ta kasa karantawa. Ya ce an sanar a makaranta ranar Litinin. Ranar Litinin ɗin Saudat tana kwance da ciwon kai, ni na hana ta zuwa.

"Yanzu Malam ya za a yi?"

"A bar shi haka, Hajiya. A yi ta wankewa da ruwa da sabulu, mu yi addu'a. Kada a sa masa komai."

Ina ma na ji maganarsa. Amma ni ce Huseina mai lalle, wai malamin Bayoloji ne zai koya min yadda ake fitar da lalle? Yana juya baya na yanko lemon tsami. Muka goga har la'asar, ko gezau. Na kawo garin sabulun wanki da toka. Na ɗauko dutsen da ake goge kaushin ƙafa. Saudat ta cije gefen hijabinta, hawaye yana zuba, tana cewa, "Ƙara gogawa, Gwaggo, ƙara." Kwana na biyu wata maƙwabciya ta kawo ruwan bilic ɗin da ake wanke fararen kaya, ta rantse 'yar ƙanwarta da shi ta fitar da nata. Na zuba a murfin kwano, na kama yatsun 'yar yayana da hannuna na tsoma su. Ta yi ƙara ɗaya.

Baƙin ya dusashe, gaskiya ne. Amma kan yatsun ya yi sumul yana sheƙi, wani wurin fatar ta tashi.

Ranar jarrabawa na raka ta. Muka shiga motar farko daga tashar Kibiya bayan asuba, ta riƙe hannayenta a kan cinya, tafin yana kallon sama, don ko mayafi ya taɓa sai ta zabura. A cibiyar da aka tura ta a Kano iyaye ba sa wuce ƙofa, amma ta cikin wayar shinge ina hango layin. Yara suna dangwalawa suna wucewa. Da aka zo kanta layin ya tsaya.

Na ga ta sa babban yatsa. Na ga matar da ke wurin ta goge gilashin ta ce ta sake. Ta sa manuni, ta sa na tsakiya, ta koma hannun hagu. Matar nan, Allah ya saka mata, ta yi haƙuri da ita har yatsa goma, sau bibbiyu. Daga nan ta rubuta sunanta a takarda, ta nuna mata benci a gefe. Akwai wasu 'yan mata biyu a kan bencin, su ma da jan hannu.

Awa biyu Saudat tana zaune a kan bencin nan, tana jin ƙarar maɓallai ta taga. Na ga yatsunta suna motsi a kan gwiwarta kamar tana danna kwalinta. Ni kuma ina riƙe da wayar shingen ina kuka kamar ƙaramar yarinya, wani mai sayar da ruwa yana ce min in yi haƙuri.

An ba su wata dama. Bayan 'yan makonni aka sake kiran waɗanda aka rubuta sunansu, a lokacin tana tsakiyar WAEC, tana riƙe biro da yatsu naɗe da filasta. Muka koma Kano. 'Yan matan nan biyu na kan benci suka dangwala suka shige, don nasu lallen ya gama fita da kansa. Na Saudat fatar tana saɓa, sabuwa ba ta gama fitowa ba. Na'ura ta sake ƙi. Wannan karon ba ta zauna a benci ba, ta fito ta same ni ta ce, "Mu tafi, Gwaggo." A mota ba ta ce min uffan ba har Rano. Wallahi da ta zage ni da na fi jin sauƙi.

Ni na je Fassi da kaina. Na durƙusa a gaban Yaya Haliru a zaure, gaban sauran yayyenmu, na ce laifina ne, yarinya ba faɗuwa ta yi ba, ko shiga ba ta yi ba. A ba ta dama baɗi.

Babban yayanmu ya ce, "An ce in ta shiga makarantar gaba. Ta shiga?"

Yaya Haliru bai ɗago kai ba. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Na san ke ce, Huseina. Amma a nan na yi maganar."

Sakamakon WAEC ya fito da damina, Saudat ta ci duka darussanta tara. Malam Tajuddeen ya zo har gida da takardar, ya rasa ko murna zai yi mana ko jaje. Na sa ta a leda na ajiye a ƙasan akwati.

Da aka koma makaranta a watan Satumba, Yaya ya aiko min da Afra'u da 'yar jakarta. Saƙonsa gajere ne: tunda karatu ya ƙare, in koya mata sana'ata, ta samu abin yi. Ban sani ba ko taimako ya nufa ko hukunci, ban kuma tambaya ba. Yarinyar tana da hannu, cikin wata biyu ta iya zanen da ya ɗauke ni shekara. Amma duk safiya in 'yan makaranta suna wucewa ta ƙofar gida sai ta shige ɗaki ta tura ƙofa.

Saudat ba ta koma Fassi ba, ta ce ba za ta iya shiga ta zauren nan ba. Har yau bayan asuba tana buɗe littattafanta, ban san don me ba, ban kuma hana ta ba. Ba ta taɓa tayar min da maganar ba. Tana gaishe ni, tana dafa mana abinci, amma lalle ko tankaɗe ba ta ƙara taɓawa ba.

Jiya da hantsi ina tsakar gida, Afra'u tana gefe tana kwaɓa lallen wata amarya, sai Saudat ta fito ta tsuguna a gabana. Ta miƙo min babban yatsanta a cikin rana.

"Gwaggo, idonki ya fi nawa sanin hannu. Duba min, sun dawo?"

Na kama yatsan na duba. Zanen ya dawo tsaf, layi bayan layi, kamar ba abin da ya taɓa samun sa.

"Sun dawo," na ce.

Ta gyaɗa kai. Ta juya ta dubi ƙanwarta, wadda hannunta yake cikin kwanon lalle har wuyan hannu, ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta tashi ta koma ɗaki.