Ya Bukar na kai wuta bakin tanki a rumfar Baba

Yayana Ya Bukar ya murɗe takardar buhun siminti, ya ɗaura a kan sanda, ya kunna mata ashana, ya miƙa bakin tankin mota. Ina tsaye da kwanon abincinsa a hannu. Sai na ji wani "buf", shuɗiyar wuta ta yi tsartuwa daga ciki, tankin ya ɗan ɗaga daga ƙasa ya koma. Ya juyo yana dariya, wai ya ƙone iskar man da ta rage, yanzu sai walda. Juma'ar da ta wuce ke nan, a Gure, ranar da muka yi wa Babanmu sadakar cika shekara bakwai da rasuwa. Kuma a rumfarsa aka yi, nan bakin kwalta kusa da tasha.

Na dawo Damagaram inda nake aiki, amma ƙarar nan tana kunnena har yanzu. Shi ya sa na ɗauki waya nake rubuta wannan.

Wanda ya san Gure ya san Baba Ari mai walda. Amalanken mutanen Gidigir in ya karye a hanyar kasuwa, wurinsa ake jawo shi. Masu lambu a kwari su kawo injin ban ruwa, mutanen Kelle su kawo ƙafar garma, masu sabon gini su zo neman ƙofa. Ba ya tambayar wane irin ƙarfe ne. Ya ɗan goga shi a dutsen inji, ya dubi tartsatsin, ya san sandar waldar da zai ɗauka da ƙarfin wutar da zai ba ta. In yana cin abinci wani na aiki a bayansa, da kunne yake gane kuskure. Ya ce walda mai kyau ƙararta kamar ana suyar ƙosai ce, in ka ji tana tari to an ci amanar mai kaya. Yana gamawa sai ya ɗauki ƴar guduma ya kakkaɓe ɓawon, ya duba ɗinkin, in bai yi masa ba ya kankare ya sake ko da mai shi ya ce ya isa haka.

Da safe kafin ya taɓa komai sai ya bi wayoyin wuta da hannu daga inji har ƙarshe, ko ɓera ya ci wani wuri. In an yi ruwa ƙasa ta jiƙe, ba ya kunna inji sai ya shimfiɗa katako. Mu yara kuwa dokarmu ɗaya ce, kar a kalli hasken.

Amma duk wannan wasa ne in aka zo maganar tanki. Baba ba ya yi wa tankin mai walda ranar da aka kawo shi, ko na wane ne. Sai an kwance shi daga jikin mota, ya buɗe duk bakunansa, ya zuba ruwan zafi da garin sabulu, ya girgiza, ya zubar, ya sake, ya sake. Ya kife shi a rana. Washegari ya sa hanci ya shinshina, in ya ji ko ɗan ƙauri ne a koma wanki. Ranar aikin kuma ya cika shi da ruwa har kusa da inda ya tsage, ya bar bakin a buɗe, ya kori kowa daga rumfar, har mai shayin da ke gefe sai ya kashe wutarsa. Yakan ce mutane na tsoron tanki cike, alhali wanda ya ƙare shi ne mugun, don man ya tafi ya bar numfashinsa a ciki.

Direbobi sun sha yi masa tsiya a kan haka. Na tuna wani mai kamyo, babbar motar kaya, da zai wuce Diffa, ya gaji da jira, ya ce, "Baba Ari, tanki ne wannan ko gawa kake wa wanka?"

Baba bai ko ɗago ba. Ya ce, "Gara in wanke shi da a wanke ni."

Mutumin ya yi dariya ya nemi wurin kwana. A lokacin haka abin yake, in kana son aikin Baba sai ka jira, babu wani wurin zuwa.

Allah ya ɗauki ransa a kan shimfiɗarsa, bayan ƴar jinya. Idonsa ya yi rauni saboda hasken walda, hannuwansa duk tabon tartsatsi, amma da yatsunsa duka aka kai shi. Allah ya jiƙansa. Abin da ban gane ba sai yanzu shi ne, bai taɓa barin Ya Bukar ya yi tanki ba. Ya koya masa ƙofa, ya koya masa amalanke da gyaran inji. In tanki ne sai ya ce ba yanzu ba, ya aike shi. Yana ganin akwai lokaci. Ya Bukar ya ga wankin da idonsa sau ba adadi, amma bai taɓa tsugunawa shi kaɗai da sanda a hannu gaban tanki Baba na tsaye a kansa ba, don ya ji abin da Baba ke ji.

Ranar Juma'ar nan, bayan mai tankin ya tafi, na yi wa Ya Bukar magana. Na ce Baba da ya ga wannan da ya rufe rumfar. Ya ce in bar zancen Baba, zamanin Baba shi kaɗai ne a layin, yau masu walda sun yi yawa, kuma masu motocin da ke hawa arewa wajen zinari ba sa jiran gobe. Kowa na son a ƙara masa tanki na biyu yanzu-yanzu, in ka ce a wanke a shanya sai ya ɗauki kayansa ya matsa gaba. Ya ce dabarar takardar nan kowa ita yake yi, shi ma ya daɗe yana yi, ga shi tsaye. Ya ƙare da zolaya, wai ƴar birni ce ni, ƙarar murfin tukunya ma firgita ni take.

Na ce, "Ya Bukar, in wata rana ba ta tsaya a buf ba fa?"

Ya ce, "To ranar ce ta zo, ƙanwata. Miƙo abincin."

Da na waiga zan tafi sai na lura da teburin mai sayar da esansi, wato fetur, a kwalabe, yana jingine da ginshiƙin rumfar. Zamanin Baba babu shi a wurin. Matar Ya Bukar kuma tana da tsohon ciki.

Ba na cewa yayana ba gwani ba ne. Ku je ku ga ɗinkinsa a jikin ƙarfe, ba ku bambanta shi da na Baba. Ƙofofin da Baba ya yi suna nan tsaye a unguwanni, na Ya Bukar ma za su tsaya kamar su. Hannun ya gada sarai. Tsoron ne bai gada ba, ya biyo ni, ni da ban taɓa riƙe sandar walda ba, kuma ba shi da amfani a wurina sai hana ni sukuni. In waya ta yi ƙara na ga lambar gida, sai na yi addu'a kafin in ɗauka.

Mutum ɗaya ya rage da zai ce masa bari ya bari, ita ce Innarmu. In ta ce ba ta yafe ba idan ya sake taɓa tanki ba wanki, zai daina, na san shi. Amma Inna na fama da hawan jini, ba ta san komai ba, tana zaune da tunanin ɗanta na aiki yadda mijinta ya yi. In na faɗa mata, ban san me labarin zai yi wa jikinta ba, kuma Ya Bukar zai ce na haɗa shi da uwarsa na kore masa masu kawo aiki. In na yi shiru, gobe ma akwai motar da za ta tsaya a rumfar.

Ku da kuke da ƴan'uwa a wannan sana'a, in ku ne, za ku kira Inna ku faɗa mata?